Da Ruwa Ya Shiga Gidanmu na Madabo

Ruwan ya sauko ne da hantsi, wata Laraba a tsakiyar marka. Makarantar da nake koyarwa tana hutu, ina gidana ina tsintar wake, sai wayata ta yi ƙara. Maƙwabciyar iyayena ce, Hajiyar da take sayar da alala a lungunmu.

"Ki zo gida," ta ce. "Lafiyarsu ƙalau, kada hankalinki ya tashi. Amma ruwa ya shiga, kuma Malam ya ce babu inda za shi."

Mai adaidaita ya sauke ni a Ƙofar Mazugal, ya ce daga nan ba zai iya ba. Na cire takalmi na riƙe a hannu, na tattare zani, na bi lungu ina dafa bango. Ruwan ja ne, ya kwaso ledoji da robobi da duk abin da kwata ta daɗe tana ɓoyewa.

Gidanmu ginin ƙasa ne, kakana na wajen uba ya gina shi. Shekara da shekaru ana ta yi wa lungun ciko har ya fi gidan tudu, ya zama idan za ka shiga zaure sai ka gangara. Ranar da kududdufin bayan unguwa ya cika ya tumbatsa, ruwan bai sha wahalar samun mu ba. Ya shigo ta zaure, ya kuma dawo ta rariyar da ya kamata ta fitar da shi.

Na tarar da Baba a zaure, zaune a kan benci, ya naɗe wando har gwiwa, ƙafafunsa cikin ruwa, carbi a hannu. Ya haura shekara saba'in a lokacin, idonsa ya fara rauni, sai da na yi sallama ya gane ni.

"Wa ya taso ki cikin wannan ruwa?"

"Baba, ku taso mu tafi gidana."

"Shiga ki ga uwarki," ya ce. Ban sake tayar da maganar ba, don na san ma'anar wannan amsa.

Inna tana tsakar gida a ƙarƙashin rumfa, ta kife turmi ta hau kai ta zauna, rediyo a cinyarta, kazarta mai kwanci a hammata. Kwanuka suna yawo a gabanta. Da ta gan ni sai ta dube ni sama da ƙasa.

"Kin ci abinci kuwa?"

Na fashe da dariya, dariyar ta juye ta zama kuka. Ta ce in yi shiru kada maƙwabta su ɗauka wani ne ya mutu.

Wajen la'asar ruwan ya janye. Abin da ya bari ya fi shi wahala. Laka ce baƙa mai santsi, kaurinta ya kai yatsu uku, ta shiga kowane ɗaki sai guda, ɗakin da muka tashi a cikinsa muna yara, wanda ake hawa matakala uku kafin a shiga. A jikin bango ga shatar ruwan nan, daidai gwiwata. Warin kuwa ba na son tuna shi.

Abin da ya fara damun Baba shi ne inda zai yi salla, domin ruwan ya gauraya da na kwata. Saboda haka da zaure muka fara. Hajiya mai alala ta shigo da tsintsiya da bokiti, wasu matan lungu suka biyo ta, ko da yake kowacce ta baro nata aikin a gida. Muka kwashe laka da shebur da tsofaffin farantai, muka wanke daɓen da sabulu, muka ɗauraye sau uku. Rijiyar gidan ta ɓaci, sai ruwan 'yan garuwa. Da aka gama Baba ya shafa daɓen da tafin hannunsa, ya shinshina, sannan ya ce a shimfiɗa tabarma.

Na kira maigidana na gaya masa zan kwana biyu. Kwana biyun nan sai da suka zama sati uku.

Washegari muka fito da komai tsakar gida. Katifar Inna ta sha ruwa har sai da mu huɗu muka ɗaga ta, kuma tun a nan muka san ba za ta ƙara moruwa ba. Ledar ɗaki da na ɗaga, ƙarƙashinta duk tsutsa. Buhun gero, rabin buhun masara, kayan miya da ta shanya tun rani, duk sun tafi. Duk waɗannan Inna ta bari aka zubar. Amma da na ɗauko wani tsohon faifai da ya ruɓe zan jefa a shara, sai ta karɓe shi.

"Uwata ce ta saƙa shi."

"Inna, ai ya lalace."

"Na gani. Ajiye shi can ya bushe tukuna, sannan ya lalace."

A rana ta biyu da yamma wani tsohon magini ya zo, abokin Baba tun suna samari. Bai tambayi kowa komai ba. Ya zagaya gidan yana danna babban yatsansa a gindin bango, wani wurin ya ƙwanƙwasa ya kasa kunne. A bangon gabas na ɗakin Inna yatsan ya nutse.

"Malam, wannan ya sha ya ƙoshi," ya ce. "Yau za mu tokare shi da azara. Kada kowa ya kwana a ciki. Kuma duk wanda ya ce ku shafe shi da siminti yanzu, kada ku yarda. Danshin zai kulle a ciki, ya ci bangon ba ku sani ba. A bar shi ya sha iska, idan damina ta ɗauke sai mu yi masa sabon gindi."

Ƙanina da yake aiki a Kudu ya kira a daidai lokacin. Shi a ganinsa a rushe gidan gaba ɗaya a yi na bulo. Na miƙa wa Baba wayar, ya ƙi karɓa.

"Ki ce masa na ji, Allah ya yi masa albarka."

Maginin ya sunkuyar da kai yana murmushi.

Duk wannan kai da kawowa, akwai abu ɗaya da Baba bai ambata ba. A ƙarƙashin gadonsa akwai wata adaka ta ƙarfe, koriya, wadda tun muna yara aka hana mu taɓawa. A cikinta littattafan kakana suke, waɗanda ya kwafa da hannunsa lokacin da yake neman ilimi. Mun jawo ta waje tun ranar farko, muka ajiye a bakin ƙofa. Na lura Baba yana wucewa ta gefenta, ya tsaya, ya wuce. A rana ta uku Inna ta gaji.

"Malam, kallonta ba zai busar da ita ba. Ka ba yarinyar nan makulli."

Ya ciro makullin daga aljihu ya miƙo mini, ya juya baya kamar mai duba azarar da aka tokare bango da ita.

Ruwa ya shiga har rabi. Littattafan sama, bugun zamani, danshi kawai suka yi. Na ƙasa guda biyu ne, kowanne cikin gafakarsa ta fata, kuma su ne na hannun kakana. Fatar ta yi laushi ta fara fumfuna. Da na zare na farko, takardun sun manne sun zama kamar curin ƙuli. Irin littattafan nan ba a ɗinke su, warƙa-warƙa suke, kuma babu lambar shafi.

"Yaya?" Baba ya tambaya, bai juyo ba.

"Rubutun yana nan, Baba. Baƙin bai tafi ba. Jan ne ya zuba."

Sai ya juyo. Ya tsuguna, ya kai fuskarsa dab da takardar.

"Tawadar bagaruwa ce," ya ce. "Mahaifina da kansa yake dafa abarsa. Ya sha gaya mini ruwa ba ya cin ta, ban taɓa zaton zan gani da idona ba."

Rana ba ta fitowa sosai a kwanakin, kullum hadari da yayyafi. Inna ce ta kawo dabara. Ta sa na hura gawayi na zuba a tsohon dutsen gugarta, ta yayyaga wani farin mayafi da ta daina sawa. Ni nake ɓamɓare warƙa da bakin wuƙa a hankali, in shimfiɗa a kan tsumma, in rufe da wani. Ita kuma ta ɗora dutsen, ba da zafi sosai ba, ta ɗan danna ta ɗaga. Kafin ta ɗora sai ta kai dutsen kusa da kumatunta ta ji zafinsa. Inna ba ta yi karatu mai zurfi ba, iyakarta abin da za ta yi salla, amma ban taɓa ganin wanda ya riƙe takarda da ladabi irin nata ba. Ba ta taɓa ko ɗaya sai da alwala.

Muka mayar da ɗakin yara wurin aiki. Tabarmi biyu, takardu a jere, kowacce da ɗan dutse a kanta saboda iska. Kazar Inna, wadda ita ma can aka mayar da ita da ƙwanta, sai da muka kife ta da kwando.

Matsalar ta zo wajen jerawa. A ranar farko na yi ganganci, na ɗebi waɗanda suka bushe na tara ba bisa tsari ba, iska kuma ta taimaka mini wajen ɓarnar. Na je na gaya wa Baba ina jin kunya, kamar ranar da na fasa masa tabarau ina 'yar shekara tara.

"Duba can ƙasa, ta hagu," ya ce. "Akwai kalma ɗaya ita kaɗai?"

"Akwai."

"Ita ce farkon warƙar da take biye. Haka ake yi."

Amma gefen ƙasa shi ya fi shan ruwa, a wasu takardun kalmar ta cinye. A nan ne na ga abin da ban sani ba game da mahaifina. Sai in karanta masa layin ƙarshe, da Larabcina na Islamiyya mai tuntuɓe, ya gyara mini wasali, ya rufe ido, ya ci gaba da karantawa da ka har sai na ce, "Tsaya, ga ta nan." Littafin fiƙihu ne, ya karance shi a gaban mahaifinsa yana saurayi. Ni dai na tashi na san shi a matsayin tela mai shago a Ƙofar Wambai, mai yawan shiru, mai faɗa idan an bar fitila a kunne. Ban san yana ɗauke da littafi sukutum a kansa ba.

"Baba, me ya sa ba ka taɓa koya mana ba?"

"Kun tafi boko, ni kuma ina kan keke daga safe har yamma. Kuma ban zaci kina so ba."

Inna ta ce, ba tare da ta ɗago daga guga ba, "Ai ba ka tambaye ta ba."

A cikin gafaka ta biyu, can baya, na sami wata warƙa da ta bambanta da sauran. Takardar zamani ce mai layi, an ninke ta biyu. Babu abin da ya rage a jikinta sai shuɗin tabo, kamar an jiƙa ta a ruwan baban rini. Na nuna wa Baba. Ya juya ta gaba da baya, ya daɗe yana riƙe da ita.

"Haihuwarku ce," ya ce. "Duk wanda aka haifa a gidan nan, ina rubuta sunansa da ranarsa. Da alƙalamin zamani na rubuta, da tawadar kwalba. Ina ganin kaina ɗan birni."

"Sai a sake rubutawa," in ji Inna.

"Na manta ranakun."

"Kai ka manta. Ni da na haife su ban manta ba."

Washegari bayan azahar ya aike ni na sayo takarda mai kauri, ya sa aka karɓo masa tawada wajen wani malami a unguwa, ya feƙe alƙalamin kara. Ya ce shi zai rubuta da kansa ko da layin zai karkace. Muka zauna mu uku a ƙofar ɗakin yara. Ya fara da ni.

"Ranar Litinin, cikin watan azumi."

"Talata," in ji Inna.

"Litinin ce. Ina shago aka zo aka gaya mini."

"Naƙudar ce ta fara Litinin. Ba ta fito ba sai Talata da hantsi, don tun a ciki ba ta da sauri. Kuma ba da ita za ka fara ba, Malam."

Baba ya ajiye alƙalamin.

Na san an yi wani kafin ni. A gidanmu ba a maganarsa, amma yaro yakan tsinci irin wannan a bakin 'yan uwa. Na kuma san shi ya sa Inna take kiran sunana kai tsaye ba ta jin nauyi, domin ba ni ce 'yar fari ba. Abin da ban taɓa ji ba shi ne ita ta ambace shi da bakinta.

"Yaron nan," ta ce, tana kallon tabarma, "ranar Juma'a ya zo, ana kiran salla. Farkon damina, an yi shuka ba a yi noman fari ba. A ɗakin can da bangonsa ya jiƙe. Wata bakwai ya yi. Ya fara zama, haƙori biyu sun fito a ƙasa."

Har a lokacin, bayan shekara arba'in da wani abu, ba ta faɗi sunansa ba. Ɗan fari ne, kunyarsa tana nan ko da ba ya raye. Baba ne ya tsoma alƙalami ya rubuta sunan, a hankali, hancinsa kusan yana taɓa takardar. Na leƙa na karanta. Sunan kakana ne.

"Yana da dariya," Baba ya ce. "Idan na dawo daga kasuwa na yi gyaran murya a zaure, tun daga nan nake jiyo shi."

"Kai kaɗai yake yi wa," in ji Inna. "Ni da nake wahalarsa sai kuka."

Suka yi dariya su biyu, gajeriya. Inna ta share ido da bakin mayafi ta ce hayaƙin gawayi ne, alhali ba mu hura wuta ba ranar. Daga nan aka zo kaina, aka rubuta Talata. Aka bi sauran ƙannena huɗu ɗaya bayan ɗaya, kowanne sai an yi gardama, kowanne kuma Inna ce take yin nasara. Wannan an haife shi shekarar da aka sa wa lungu fitila, waccan ranar da akuya ta faɗa rijiya. A kan autanmu kaɗai Baba ya kafe, ita ma ta kafe, har aka kira Hajiya mai alala ta raba gardama. Ta goyi bayan Inna. Baba ya ce dama ya san mata ba sa ba da juna.

Ba duka muka ceto ba. Warƙa goma sha ɗaya daga littafi na biyu sun narke, suna taɓuwa suna zama dusa. Baba ya yi mini shiftar abin da ya tuna na rubuta, inda ya yi shakka kuma ya ce in bar wurin fari, kada mu ɗora wa marubucin abin da bai faɗa ba. Wani baduku ya ɗinka sababbin gafaka biyu. Adakar kuma aka kankare tsatsarta, aka kafa mata katako a bango, sama da kaina.

Na koma gidana da hutu ya ƙare, amma duk Asabar ina zuwa. Mukan buɗe ƙofofi da tagogi, mu kunna gawayi a kasko a tsakiyar ɗaki don ya janye danshi, in goge fumfunar da take sake fitowa a bayan kabad. Bayan la'asar Baba yakan ce in ɗauko littafin, mu yi warƙa ɗaya ko biyu. Ba mu taɓa kiran abin karatu ba. Cewa yake yi, "Zo mu duba ko mun jera daidai."

Da kaka ta yi, maginin ya dawo da mutanensa. Suka sare gindin bangon da ya ruɓe, suka yi sabo da dutse, suka ɗora tubali, suka yi yaɓe. Mazan lungu suka haɗu suka yashe kwata tun daga bakin masallaci har kududdufi. Ƙanina ya aiko da sabuwar katifa, ya kuma roƙi alfarma guda, tunda an ƙi bulo a gini, a yarda a ɗora gadon Inna a kan bulo bibbiyu. Baba ya ce wannan kam ya yarda.

Ranar da Inna za ta koma ɗakinta, na share, na shimfiɗa sabuwar leda, ta sa turaren wuta har sai da muka yi tari. Aka shigo da gado, aka ɗora a kan bulo, aka sa katifa. Sabuwar katifar kuwa mai kauri ce. Inna gajera ce, da ta tsaya a gaban gadon sai ga shi ya kai mata ƙirji. Ta dafa, ta ɗaga ƙafa, ta sauke. Ta sake gwadawa ta ɗaya gefen.

Baba yana bakin ƙofa. Duk raunin idonsa, wannan ya gani. Ya yi ta ƙoƙarin riƙe dariya har kafaɗunsa suna rawa.

"Malam, dariya kake yi?"

"Ni? Tari ne. Turarenki ya yi yawa."

Ya fita tsakar gida, ya dawo da kujera 'yar tsugunno, ya ajiye a gaban gadon, ya sa ƙafa ya danne ta don kada ta goce. Sannan ya miƙa mata hannu. Inna ta dube ni, kunya ta kama ta.

"Ke, je ki duba tukunya."

Babu komai a kan wuta, amma na fita.